Yadda ɓurɓushin harsashi da ya rage a jiki ke zama guba bayan shekaru

A yankunan da ke fama da hare-haren 'yan bindiga, mutane da dama da suka tsira daga harbi na yawo da harsashi ko ɓurɓushinsa a jikinsu. Sau da yawa likitoci kan bar shi da gangan, domin tiyatar ciro shi na iya lahanta jijiyoyi fiye da barinsa, kuma tsoka kan lulluɓe shi da tabo.

Sai dai akasarin harsasai na ɗauke da dalma, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da ba shi da illa ga jiki.

Hatsarin ya fi yawa idan ɓurɓushin ya maƙale a gaɓa, kamar gwiwa ko ƙugu. Ruwan da ke cikin gaɓa yana narkar da dalmar sannu a hankali ta shiga jini. Haka nan idan harsashin ya karya ƙashi, ko ya tarwatse zuwa ƙanana da yawa. Daga jini dalmar kan taru a ƙashi, ta zauna shekaru.

Alamomin sun haɗa da ciwon ciki, taurin bayan gida, kasala, ƙarancin jini, yawan mantuwa da raunin hannu. Idan abin ya daɗe, yana jawo hawan jini da ciwon ƙoda. Mai juna biyu kuwa, gubar na iya isa ga ɗan da ke cikinta. Da yake alamomin na kama da na wasu cututtuka, ba kasafai ake danganta su da tsohon rauni ba.

Hukumar CDC ta Amurka ta ruwaito cewa tsakanin 2003 da 2012, an samu manya 457 da dalma ta yi yawa a jininsu, kuma suna ɗauke da ɓurɓushin harsashi. A Najeriya ma an san ɓarnar dalma: a 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara, sanadiyyar sarrafa ma'adinin zinare.

Gwajin jini ne ke tabbatar da gubar. Akwai magungunan da ke fitar da dalma ta fitsari, amma muddin tushenta na jiki, tana iya dawowa, shi ya sa a wasu lokuta sai an yi tiyata. Duk wanda aka taɓa harbi ya riƙa sanar da likita, ko da raunin ya daɗe da warkewa.