Magana Jari Ce: Inda Ake Koyon Iya Baki a Magarya da Dungas

Duk wanda ya taɓa halartar ɗaurin aure a Magarya ko Dungas ya san lokacin da hayaniya ke yankewa. Waliyyai sun gama magana ƙasa-ƙasa, an ajiye goro, sai sanƙira ya miƙe. Ko babu amsa-kuwwa, na bakin zaure da na can gindin bedi duk sai sun ji sunan ango da na amarya, sun ji sadaki nawa ne, lakadan ne ko ajalan. Abin da manya suka ƙulla a tsakaninsu, bakinsa ne ke mayar da shi shaidar jama'a.

Mutane kan ce wannan baiwa ce. Akwai baiwa a ciki, amma sanƙira ya yi shekaru yana bin maigidansa taro-taro kafin a bar shi ya buɗe baki. Iya magana sana'a ce da ake koyo, kuma wannan yanki ya daɗe da makarantunta.

Ta farko ita ce fada. Dungas da Waca da Mirya su ne ƙasashen Sosebaki, masu sarauta tun kafin Damagaram ta yi ƙarfi a ƙarni na 19. A fada sarki ba ya ɗaga murya; shi yakan faɗa a hankali, bafade ya maimaita wa jama'a. Mai kawo ƙara kuwa dole ya san gaisuwa, ya jera zancensa daga tushe, ya tsaya inda ya kamata. Wanda ya yi ta kame-kame yakan rasa gaskiyarsa tun kafin a yanke hukunci. Shi ya sa Bahaushe ya ce baki shi ke yanka wuya.

Ta biyu makarantar allo. Yaro yakan fara da babbaƙu da farfaru, malam na sauraren inda kowane harafi ke fita, maƙogwaro ne ko leɓe ko kan harshe. In ya kai ga tilawa sai ya koyi tattalin numfashi, ya san wurin waƙafi. A tafsirin azumi ana ganin amfanin wannan horo: mai jan baƙi ya ja aya, malam ya fassara da Hausar da tsohuwa da yaro za su gane. Malamai kan tuna mana cewa Annabi Musa ma ya roƙi Allah ya warware masa ƙullin harshensa, ya kuma nemi a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna saboda fasaharsa.

Ta uku ɗakin kaka. Yarinyar da ke ba da tatsuniya sai ta yi tsamin bakin Gizo, ta sauya murya ta yi ta Ƙoƙi, ta ja rai kafin ta faɗi ƙarshe. Wasannin karya-harshe kuma suna gyara furuci, abin da Hausa ke matuƙar buƙata. Karin sauti kaɗai ke raba kukan jariri da kukar miya. Tsawon wasali ke raba garin da ake zama da garin tuwo. Wanda bai bambanta kafa da ƙafa ba ya ɓata saƙonsa.

Sai dandali. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya sun raya wasan kwaikwayo da Hausa, kuma ƴan wasan Damagaram irin su Yazi Dogo sun yi suna a faɗin Nijar. Yawanci ba rubutaccen zance suke haddacewa ba. Sukan daidaita kan labari, kowa ya ƙago maganarsa a gaban jama'a. Haka ɗan kokowa ke tsayawa tsakiyar fili ya yi kirari, murya da ƙirji da hannu duk suna aiki tare.

Kada a ɗauka wannan ado ne kawai. Tun 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki a Magarya kan tamowa da zazzaɓin cizon sauro a jikin yara. Mai wayar da kai da ya iya gaya wa uwa, cikin kalmomi kaɗan kuma ba tare da muzantawa ba, alamun da in ta gani ta garzaya asibiti, ya ceci rai. Haka ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka soma a Maradi a 1991: matan da suka fara da asusu sun koyi jagorancin taro, har wasu suka tsaya takara.

Damuwata ita ce waɗannan makarantu suna raguwa. Waya ta cinye hirar dare. A lakwal kuma yaro yakan haddace darasi da Faransanci ya zuba, amma in aka ce ya bayyana ra'ayinsa a gaban aji sai ya sunkuyar da kai. Ƴan mata abin ya fi shafa, domin mun gauraya kunya da rashin iya magana, alhali mai kunya na iya faɗin gaskiyarta cikin ladabi.

A watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Wannan dama ce da bai kamata ta tsaya a takarda ba. Malamin makaranta a Bande ko Malawa ba ya buƙatar kuɗi kafin ya ware rabin awa kowane mako: yaro ya miƙe tsaye, ya dubi jama'a, ya yi sallama, ya faɗi abu ɗaya cikin minti biyu, ya zauna, ƴan'uwansa su faɗi abin da suka fahimta. A gayyato sanƙiran gari da tsohuwa mai tatsuniya su shigo aji. Gidajen rediyon karkara su buɗe filin muhawarar ɗalibai, mata da maza.

A littafin Abubakar Imam, Magana Jari Ce, da ya fara fitowa a 1937, aku ne ya tsare ɗan sarki daga halaka, kuma ba shi da makami sai bakinsa. Jarin nan yana nan a zaurukanmu, a bakin dattawan da kullum suke ƙaranci. Mu karɓe shi mu miƙa wa yara tun masu shi suna da rai.