Albashi ya biya nasa haraji, kuɗin haya da na gefe fa?

A ƙarshen kowane wata, kafin saƙon banki ya shigo wayar ma'aikacin gwamnatin tarayya, an riga an yi wa albashinsa aski. Tsarin biyan albashi na IPPIS ya cire kuɗin fansho, ya cire na asusun gidaje, ya cire haraji, sannan ya tura masa abin da ya saura. Ba a nemi shawararsa ba, ba a kuma jira yardarsa ba. Shi ya sa idan hira ta kai ga batun haraji a Sakatariyar Tarayya, ko a cikin motar da ke komawa Kubwa da yamma, ma'aikaci kan bugi ƙirji ya ce shi kam gwamnati ba ta bin sa ko sisi.

A kan albashi, gaskiyarsa ce. Sai dai ma'aikata da yawa a Abuja ba da albashi kaɗai suke riƙe gida ba. Wani yana da ɗakuna biyu a Lugbe da ya bayar haya. Wata tana sayar da atamfa da turare ta WhatsApp. Wani hadimin ɗan majalisa ne da ke karɓar ladan rubuta jawabai da rahotanni ga wasu a waje. Waɗannan kuɗaɗe ba sa bi ta IPPIS, babu na'urar da ke yanke komai daga cikinsu, kuma a nan ne ake gane wanda ya yarda da biyan haraji da wanda aka karɓa a hannunsa don ba shi da yadda zai yi.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 24 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa haƙƙoƙin da ƙasa ke da su a kan ɗan ƙasa. Daga cikinsu akwai bayyana abin da yake samu bisa gaskiya ga hukumar da ta dace, da biyan haraji a kan lokaci. Sashen bai ware albashi daga kuɗin haya ko ribar ciniki ba.

A ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda suka samo asali daga aikin kwamitin da Taiwo Oyedele ya jagoranta. Sabon tsarin ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, hukumar FIRS kuma ta koma NRS. A ƙarƙashinsa, Naira dubu 800 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kai. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin 100, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka abin ke hawa har ya tsaya a kashi 25 ga abin da ya haura Naira miliyan 50. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira dubu 70 a wata ya fita daga sahun masu biya.

A ɗauki misalin ma'aikacin da abin da za a sanya wa haraji a albashinsa ya kai Naira miliyan 3 a shekara. Harajinsa Naira dubu 330 ne, kuma ana cire shi wata-wata. Idan yana da gidan haya da ke bar masa Naira miliyan 1.5 bayan an fitar da kuɗin gyara, doka tana ɗora wannan a kan albashin, sai ya faɗa matakin kashi 18, wato ƙarin Naira dubu 270. Na farkon ya biya tun kafin ya gani. Na biyun kuwa sai shi da kansa ya cika takarda ya kai, kafin ranar 31 ga Maris ta shekarar da ke biye.

Ragin da ya halatta da ɓoyon da ya haramta

Ba kowane ƙoƙarin rage haraji ba ne laifi. Dokar da kanta ta buɗe ƙofofi. Kashi 8 da ake cirewa na fansho, da gudunmawar asusun gidaje, da ta inshorar lafiya, duk ana fitar da su kafin a lissafa haraji. Mai zama a gidan haya yana iya neman rangwamen kashi 20 na kuɗin hayarsa na shekara, muddin bai wuce Naira dubu 500 ba. Wanda ya nemi waɗannan haƙƙinsa ya karɓa, wanda ya bari kuma ya yi wa kansa asara.

Wannan rangwamen haya yana da wani abin lura. Domin ɗan haya ya same shi, sai ya bayyana gaskiyar abin da yake biya, wanda hakan ke nuna abin da mai gida yake karɓa. A Abuja, sau da yawa ɗan hayan da mai gidan duk ma'aikatan gwamnati ne, wani lokaci ma a bene ɗaya suke aiki. Mai gidan da ya ƙi bayar da rasit don kada a san samunsa, ya tauye ɗan hayarsa kafin ya tauye gwamnati.

Sauran dabarun sanannu ne ga duk wanda ya taɓa ciniki a birnin. Mai kaya ya faɗi farashi biyu, ɗaya da rasit ɗaya babu. A sayi fili a kan wani kuɗi, a rubuta rabinsa a takardar ciniki don kuɗin rajista da na hatimi su ragu. A buƙaci takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku domin neman kwangila ko mallakar fili, sai a nemi dillalin da zai samo ta cikin kwana biyu ba tare da an biya abin da ta ce an biya ba. Masu yin haka galibi mutanen kirki ne a sauran mu'amalarsu. Ba za su ci amanar maƙwabci ba, ba za su hana leburan da ya yi musu aiki haƙƙinsa ba. Amma da zarar an ce kuɗin gwamnati ne, sai ƙaryar ta sauya suna ta zama wayo.

Akwai kuma matsalar da ta keɓanci ma'aikata. Ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin Kundin Tsarin Mulki ta hana ma'aikacin cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na ƙashin kansa, in ban da noma. Saboda haka wanda ya yi rajistar kamfani da sunan ƙaninsa ko matarsa yana tsoron bayyana ribar, domin bayyanawar za ta tona wani laifin. Ƙarya ɗaya ke nan ta haifi ta biyu.

Tushen ƙiyayya

Ƙin haraji a Najeriya yana da tarihi, kuma tarihin ba na ɓarayi ba ne. Tun kafin zuwan Turawa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa jangali a cikin zaluncin da ya zargi sarakunan Haɓe da shi a littafinsa Kitab al-Farq. A zamanin mulkin mallaka, talakan da ya kasa biyan haraji kan sayar da hatsinsa ko akuyarsa, wani ya tsere ya bar garin gaba ɗaya. A 1929 matan yankin Aba suka yi bore bayan da aka fara ƙidayar da suka ɗauka share fage ce ta ɗora musu haraji. A ƙarshen shekarun 1940 matan Abeokuta ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti suka yi nasu, har Alake ya sauka daga karaga a 1949. A Arewa, jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta daɗe tana yaƙi da haraji da jangali, kuma a 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke su.

Daga shekarun 1970 kuɗin man fetur ya sauya lissafin. Gwamnati ta samu hanyar cika baitulmali ba tare da ta leƙa aljihun ɗan ƙasa ba, shi kuma ɗan ƙasa ya rage tambayar inda kuɗin ke tafiya, tunda ba daga guminsa suka fito ba. Sakamakon ya bayyana a alƙaluma. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce harajin da aka tara a 2021 kashi 10.86 ne cikin 100 na arzikin da ƙasar ta samar, gwamnati mai ci kuma ta ce burinta ta kai shi kashi 18. Ko shirin afuwa na VAIDS, wanda Yemi Osinbajo ya ƙaddamar a 2017 lokacin yana muƙaddashin shugaban ƙasa domin masu tsohon bashin haraji su bayyana kansu ba tare da hukunci ba, bai kawar da tsohuwar ɗabi'ar ba.

Koken yau ma yana da tushe. Mazaunin Abuja yana haƙa rijiyar burtsatse da kuɗinsa, yana sayen man janareta, yana biyan 'yan sintiri, yana kai 'ya'yansa makarantar kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai na cinye kaso mai tsoka na albashi. Idan irin wannan mutum ya tambayi abin da gwamnati ta yi masa da harajin da ya riga ya biya, tambayarsa tana kan hanya.

Wa ke ɗaukar nauyin?

Abin dubawa shi ne ko wannan koke ya halatta ɓoye samu. Wanda ya ɓoye yana jin cewa ɓarawon gwamnati ya hukunta. Amma ɓarawon ba ya rasa komai, domin shi daga sama yake ɗiba. Giɓin da aka bari ana cike shi ta hanyoyin da ba su da wuyar karɓa: a ci bashi, ko a ƙara harajin da ke kan kaya, kamar yadda harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a watan Fabrairun 2020, ko a ƙara matsa wa masu albashi waɗanda ba su da wurin ɓuya. Masinjan ofis da malamar firamare su ne ke biyan kason mai gidaje biyar da bai bayyana ko ɗaya ba.

Har wurin da harajin ke zuwa yana da ma'ana. Doka ta ce harajin samun mutum na jihar da yake zaune ne. Ma'aikacin da ke kwana a Mararaba ko Masaka, nasa na Nasarawa ne. Na Suleja da Madalla na Jihar Neja ne. Mazauna cikin Babban Birnin Tarayya kuma nasu na hukumar FCT-IRS ne. Wanda ya bar tsohon adireshi a takardunsa don kada ya sha wahalar gyarawa, ya hana unguwar da yake kwana kuɗin da za ta iya nema a yi mata magudanar ruwa da shi.

Wasu kan ce sun fitar da zakka ko ushirin coci, don haka sun sauke nauyi. Zakka tana da nisabinta da mutanen da aka ƙayyade a ba su, kuma titi da asibitin da Musulmi da Kirista ke tarayya a kansu ba daga nan ake gina su ba. Addinan biyu kuma babu wanda ya yarda mutum ya sa hannu a takardar da ya san ƙarya ce.

Teburin da ke tsakiya

Ma'aikacin tarayya ya bambanta da ɗan kasuwar Wuse ta fuska ɗaya: shi mai biya ne, kuma shi ne mai riƙe da abin da aka biya. Albashinsa daga baitulmali yake fitowa. Takardar kwangilar da aka kumbura farashinta ta teburinsa take bi. Rahotannin shekara-shekara na Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya sun sha nuna ma'aikatu da hukumomin da suka biya 'yan kwangila ba tare da sun cire harajin da doka ta ce a cire ba, ko suka cire amma ba su tura wa hukumar haraji ba. Waɗannan ayyuka ba aljanu suka yi su ba. Akwai akawun da ya shirya takardar, da daraktan da ya sa hannu, da hadimin da ya bi sawunta har aka biya.

Don haka idan mai shago ya ce ba zai biya ba saboda za a sace, a kan ma'aikaci yake magana, ko ya ambaci sunansa ko bai ambata ba. Idan kuma ma'aikacin ya maimaita wannan hujja a kan kuɗin hayarsa, ya zama mai ƙara kuma wanda ake ƙara a shari'a ɗaya.

Wanda ya biya yana da abin da wanda ya ɓoye ba shi da shi, wato bakin magana. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi bayanin yadda ta kashe kuɗi, kuma ana wallafa kasafin kuɗin tarayya a intanet kowace shekara. Mai rasit a hannu yana iya tsayawa gaban ɗan majalisarsa ya tambayi inda aikin mazaɓa ya maƙale ba tare da fargabar a juyo da tambaya kansa ba.

Hukumomin haraji suna ƙara haɗa bayanansu da lambar shaidar ɗan ƙasa da rajistar kamfanoni, kuma wuraren ɓuya suna raguwa. Wata rana na'ura za ta iya ganin kuɗin haya kamar yadda take ganin albashi. Kafin ranar ta zo, takardar bayyana samu da ake cikawa kafin 31 ga Maris tana da gurbin da aka tanada don sauran hanyoyin samun kuɗi, kuma ma'aikaci ne da alƙalaminsa zai yanke abin da zai rubuta a wurin.