Yadda taurarin ɗan'adam ke saita agogon kwamfuta

A jikin rasit ɗin da na'urar POS ke fitarwa akwai kwanan wata da lokacin da aka yi ciniki. Ba kasafai ake kula da su ba sai ranar da gardama ta tashi, mai saye ya ce ya tura kuɗi, mai kaya ya ce bai gani ba. A irin wannan rana bankuna kan gwama bayanan kwamfutocinsu, kuma idan agogunan sun saɓa wa juna, gano abin da ya riga wani faruwa kan yi wuya.

Kowace kwamfuta tana ƙirga lokaci ne da wani ƙanƙanin dutse da ke karkarwa idan wutar lantarki ta ratsa shi. Zafi da sanyi da tsufa suna sauya saurin karkarwar, saboda haka agogon kan yi gaba ko baya da daƙiƙa ɗaya zuwa biyu a rana, wato kusan minti guda a wata. A ofisoshin da ke amfani da tsarin Windows, saɓanin da ya wuce minti 5 tsakanin kwamfutar ma'aikaci da babbar kwamfutar ofis kan hana shi shiga ya yi aiki.

Agogon da ke sararin samaniya

Yawancin mutane sun san GPS a matsayin abin da ke nuna hanya a wayar salula, alhali ginshiƙinsa agogo ne. Tsarin mallakar gwamnatin Amurka ne, yana da taurarin ɗan'adam kimanin 30 da ke kewaya duniya sau biyu a rana, a nisan kilomita 20,200 daga doron ƙasa. Kowanne na ɗauke da agogon ƙwayar zarra, yana kuma aiko da saƙon da ke faɗin inda yake da lokacin da saƙon ya baro shi.

Saƙon yana gudu da saurin haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa zai sa a yi kuskuren mita 300 a ƙasa. Shi ya sa na'urar karɓar sigina ke sauraron taurari aƙalla 4, ta lissafa inda take, ta kuma gyara agogonta a lokaci guda.

Yadda ake haɗa shi da kwamfuta

Ana kafa eriya a saman rufi inda babu abin da ya tare sama, a jawo waya zuwa na'urar karɓar sigina da ke jone da kwamfuta. Na'urar tana ba da abu biyu. Na farko rubutaccen saƙo ne mai faɗin kwanan wata da awa da daƙiƙa, sai dai yakan ɗan makara kafin ya iso. Na biyu bugun lantarki ne guda ɗaya a daidai farkon kowace daƙiƙa. Kwamfutar kan gane wace daƙiƙa ce daga saƙon, ta gane ainihin farkonta daga bugun.

Daga nan sai ta raba lokacin ga sauran kwamfutoci ta tsarin NTP, wanda David Mills, malami a Jami'ar Delaware ta Amurka, ya ƙirƙiro a shekarun 1980. Manhajar takan ƙara wa agogo sauri ko ta rage sannu a hankali har ya daidaita, domin mayar da shi baya farat ɗaya na iya rikita jerin bayanan ciniki. Amfanin mallakar na'urar shi ne ko intanet ta yanke, ma'aikata tana da sahihin lokaci.

Inda gizo ke saƙar

Agogon GPS ya fara ƙirga ne ranar 6 ga Janairun 1980, kuma ba ya lissafa daƙiƙun da akan ƙara wa lokacin duniya na UTC. Tun farkon 2017 yana gaban UTC da daƙiƙa 18, kuma na'urar ce ke cire su. Lokacin Najeriya da Nijar yana gaban UTC da awa ɗaya.

A Janairun 2016, yayin da ake sallamar wani tsohon tauraro daga aiki, wasu taurarin sun aiko da lokaci mai kuskuren kashi 13 cikin miliyan na daƙiƙa, abin da ya dagula tashoshin rediyon dijital na BBC a Birtaniya. Ranar 6 ga Afrilun 2019 kuma ma'aunin makonnin GPS, wanda ke cika a mako 1,024, ya koma sifili, wasu tsofaffin na'urori suka riƙa nuna kwanan watan kusan shekara 20 baya. Bugu da ƙari, siginar tana isowa ƙasa da rauni, ana iya toshe ta ko a aiko da ta bogi.

Saboda haka masana ke ba duk ma'aikatar da ke riƙe da kuɗi ko bayanan jama'a shawarar kada ta dogara da tushe ɗaya. Na'urorin zamani suna sauraron Galileo na Tarayyar Turai da GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin tare da GPS. Ana kuma ajiye agogo mai inganci da zai riƙe lokaci idan sigina ta ɗauke, sannan a riƙa gwama shi da wasu kwamfutocin NTP na intanet domin a gano kuskure da wuri.