Igiya Ba Turke: Darasi Daga Dutsen Matterhorn

Mu mazauna Mahuta da sauran unguwannin kudancin Kaduna ba mu san dusar ƙanƙara ba sai a hoto. Amma mun san duwatsu. Matasanmu sukan tafi hawan duwatsun Kagoro, waɗansu kuma sukan sami horo a makarantar hawan dutse ta Shere da ke Jos. Saboda haka wannan labari, ko da yake na nesa ne, ya shafe mu.

Ran 14 ga Yuli, 1865, mutum bakwai suka zama na farko da suka taka ƙwanƙolin Matterhorn, wani dutse mai tsawon mita 4,478 a kan iyakar Suwizalan da Italiya. Cikinsu akwai Edward Whymper, da Rabaran Charles Hudson na Ikilisiyar Anglikan daga Ingila, da wani saurayi ɗan shekara 19, Douglas Hadow, wanda bai ƙware ba.

Da za su sauko, sai suka ɗaure juna da igiya a ƙugu, yadda aka saba. Whymper ya ba da shawarar su riƙa kafa wata igiya a jikin dutse a wurare masu wuya, amma ba a yi ba. Can a wani gangare mai santsi Hadow ya zame, ya ture jagoransu Michel Croz. Nauyinsu ya fizgo Hudson, sa'an nan Lord Francis Douglas. Nan take igiyar ta tsinke, su huɗu suka faɗa ƙasa kimanin mita 1,200, ba wanda ya rayu. Whymper da jagorori biyu, Peter Taugwalder da ɗansa, su ne suka tsira. Daga baya aka ga ashe igiyar da ta tsinke ita ce mafi rauni cikin ukun da suka tafi da su.

To, ina kuskuren yake? Duk mai kiwo ya sani igiya ba ta riƙe akuya sai da turke. Haka yake a gangaren ƙanƙara. Masu hawa sukan ɗauki turaku na alminiyum su kafa, ko su binne su a kwance idan dusar ta yi taushi, su maƙala igiya a jiki. In wani ya zame, turken ne zai tare shi. Sai dai kafa turaku yana cin lokaci, in rana ta take kuwa dusar takan saki. Wannan ne ke sa mutane da yawa su ɗaure juna kawai su wuce. Amma igiya ba turke a wuri mai tsananin gangare, tuntuɓen mutum guda sai ya zama ajalin kowa.

Abin ya sake faruwa ran 30 ga Mayu, 2002, a dutsen Hood na Amurka. Wani ayari da ke ɗaure da juna ba turke ya zame, ya kwashi waɗansu da ke ƙasa da su. Mutum tara suka afka ramin ƙanƙara, uku suka rasu.

Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma Allah da ya ba mu rai shi ya ba mu hankalin kiyaye shi, kuma ko bawan Allah kamar Hudson bai kuɓuta daga sakamakon wannan sakaci ba.

Don haka muna kira ga shugabannin matasa da iyaye. Kafin a fita da yara hawan dutse, a nemi jagora wanda ya sami horo. A duba igiya taƙi bayan taƙi, kada a yi amfani da ta shanya ko ta guga. In za a ɗaura ta, a fara kafa ta a jikin abin da ba ya motsi. A auna tafiya da ƙarfin wanda ya fi kowa rauni, ba da zafin naman na gaba ba. In kuwa ruwa ya jiƙa dutse ko yamma ta yi, a juya gida ba kunya, gama da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Ubangiji ya kiyaye fitar 'ya'yanmu da komowarsu. Amin.