Daga Kano zuwa Jidda: ina awa biyun nan suke shiga?

Duk shekara da zarar an fara jigilar maniyyata, sai tsohuwar gardamar nan ta dawo: me ya sa tafiya Jidda take daɗewa, amma dawowa sai ka ga kamar ƙiftawa da bismilla? Har akwai masu rantsuwa cewa tsohon jirgi ake ba alhazai a tafiya, a ajiye mai gudu sai dawowa. Wannan magana tana damuna, domin tana sa mutane zargin da ba shi da tushe.

Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz a Jidda akwai kimanin kilomita 3,400 idan aka miƙe. Babban jirgin fasinja yana cin kilomita 800 zuwa 900 a awa ɗaya, in ka haɗa da tashi da sauka, awa huɗu da rabi ke nan ko kusa da haka. To amma agogon Saudiyya yana gaba da namu da awa 2, kuma kowane tikiti da agogon garin da za a sauka ake rubuta lokacin isowa. Wanda ya tashi daga Kano da ƙarfe 10 na dare zai ga an rubuta masa 4:30 na asuba, ya lissafa awa shida da rabi. A dawowa kuma lissafin ya ba shi biyu da rabi. Zaman da ya yi a kujera kuwa kusan ɗaya ne, sai ɗan bambancin da iska ke kawowa.

Akwai kuma jinkiri na gaske, wanda ba ruwansa da agogo. Miƙaƙƙiyar hanyar tana ratsa sararin Chadi da Sudan kafin a tsallaka Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazan waccan shekarar suka yi zagaye. Kamar direban da gada ta karye a gabansa ne: garin bai matsa ba, amma mai da lokaci sun ƙaru. Shi ya sa kamfanonin jiragen suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera, abin da ya tayar da ƙura a lokacin.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, a wurin bita ana koyar da ɗawafi da jifa dalla-dalla, amma da wuya ka ji jami'i ya tsaya ya gaya wa dattijo mai ciwon sukari awa nawa zai yi a sama, da kuma agogon da zai bi wajen shan maganinsa. Bayanin ba zai ci minti biyar ba, kuma a sansanin alhazai ya kamata a yi shi, tun kafin a kira sunaye zuwa bakin jirgi.