Liƙa Ƙasan Takalmi da Ɗumin Garwashi

'Yan'uwana na Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa masu haɗa takalma a cikin gida, kun san ba abin da ke korar mai saye irin takalmi ya buɗe baki kwana biyu da Sallah. Galibi gaggawa ce ke jawo haka.

To, in an sayo miki ƙasan takalmi da gam daga Ƙofar Wambai, fara kankare fuskokin biyu da samfefa, ki kaɗe ƙurar. Shafa gam kaɗan a kowace fuska, ki bar shi kamar minti 15, har ya daina bin yatsa. Sannan ki kara su a ɗumin garwashin da ba ya harshe, nesa kaɗan. Ɗumin ne ke tausasa gam ya kama da ƙarfi, musamman a sanyin hunturu. Haɗa nan take, ki bubbuga da guduma, ki bar shi ya kwana.

Amma don Allah a kula, gam yana kama wuta tamkar fetur. Ki rufe gwangwanin, ki nisanta shi da murhu da yara, ki yi aikin a tsakar gida, ba cikin ɗaki ba.

Allah ya sa albarka a sana'a.