Mutumin da ke tsaye a bakin fili

In kaka ta yi a ƙasar Adar, aka gama ɗaure dammunan hatsi, dandalin kokowa yakan cika a ƙauyukan Allakaye, daga nan har Buza da Keita da Madawa. Makaɗa su wasa gwani, ya fito yana kirari, ya kayar ko a kayar da shi, washegari sunansa na bakin yara. Sai dai in ka lura da gefen da'ira, ba ka rasa wani dattijo da gwiwa ta fara ba shi kunya, yana zaune yana cizon leɓe. Shi ya koya wa yaron shiga ƙafa, shi ya nuna masa yadda ake sauke numfashi in karo ya yi tsawo. Babu makaɗin da ya san da zamansa. Ko gasar Takobi da aka soma a Tawa a 1975, wadda a yau kowace jiha cikin jihohin Nijar takwas ke aika mata 'yan kokowa 10, haka take tafiya. Filin Maradi sunan Kantu ya ci, na Dosso Salma Ɗan Rani, na Damagaram Langa-Langa, dukansu waɗanda suka shiga da'ira ne.

Horarwa kuwa sana'a ce mai zaman kanta, akwai ma inda mutum ke shigarta da baƙin gashi ya fita da furfura. A Amurka suna da wani wasa da suke kira besbol: mutum tara a kowane ɓangare, ɗaya ya jefo 'yar ƙwallo mai tauri, wani ya tare ta da kulki ya doka, sannan ya ruga ya zagaye kusurwa huɗu kafin a maido ta. Jami'o'in ƙasar suna da ƙungiyoyinsu, kuma kowace shekara takwas da suka fi ƙarfi suna haɗuwa a birnin Omaha, inda ake yin zagayen ƙarshe tun 1950.

Babban kocin irin wannan ƙungiya, abin da ake gani yana yi ranar wasa shi ne ƙaramin aikinsa. Sai ya bi makarantun sakandare yana neman yara, ya zauna da iyayensu, ya raba ɗan tallafin karatun da jami'a ta ba shi. Yaron da ya kasa a aji doka ta hana shi wasa, don haka dole kocin ya sa ido a kan jarrabawa kamar yadda yake sa ido a kan atisaye. Ga shi kuma ɗalibi ba ya daɗewa, shekara uku ko huɗu ya gama, ko manyan ƙungiyoyin ƙwararru su ɗauke shi. Kullum cikin shuka yake, wasu na girbewa.

Cikinsu akwai Mike Martin na Jami'ar Florida State. A nan ya yi wasa yana ɗalibi, ya dawo mataimakin koci, sannan aka ba shi ragamar ƙungiyar a 1980. Bai sauka ba sai 2019. Cikin shekara 40 ɗin nan ya ci wasa 2,029, adadin da ba a taɓa kaiwa ba a babban rukunin jami'o'in ƙasar. Sau 17 yana kai yaransa Omaha, sau 17 yana dawowa hannu rabbana, ko sau ɗaya bai ɗaga kofin ba. Ba a kore shi ba. Filin jami'ar ma aka raɗa wa sunansa tun yana kan aiki. Ba wai Amurkawa sun fi kowa haƙuri ba ne, su ma suna korar koci in kuɗi ya yi magana. Abin da jami'ar ta auna shi ne, babu kakar da mutumin nan ya ci ƙasa da wasa 40.

To mu dawo gida. A Nijar, in ana maganar mai horarwa ɗan ƙasa, sunan Haruna Dula Gabde ke fara zuwa. Shi ya riƙe Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, a wasannin neman shiga gasar cin kofin Afirka ta 2012, cikin rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo. Masar ɗin nan fa ita ta ci kofin a 2006 da 2008 da 2010 a jere. A watan Oktoba na 2010 ta zo Yamai, Musa Ma'azu ya jefa mata ƙwallo ɗaya a filin Seyni Kountché, aka tashi a haka. Mena ta cinye wasanninta uku na gida, ta sha kashi a uku na waje.

Ranar ƙarshe abin dariya ya faru, kuma darasi ne a kan wannan sana'a. Masar ta ci Nijar 3-0 a Alƙahira. 'Yan Afirka ta Kudu suka ji labari, suka lallaɓa suka yi canjaras da Saliyo, suka hau rawa a fili, a zatonsu yawan ƙwallaye za a duba. Ashe dokar gasar ta ce in maki ya zo ɗaya, sakamakon karawar da ƙungiyoyin suka yi a junansu ake lissafawa. Nijar da Afirka ta Kudu da Saliyo kowa na da maki 9, lissafi ya ba Nijar. Kocin da bai karanta takardar doka ba ya sa yaransa rawar banza, Mena kuwa ta shiga gasar karon farko a tarihinta. A watan Disamba na 2011, a birnin Akara, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta zaɓi Haruna Dula gwarzon mai horarwa na Afirka.

Wata ɗaya bayan haka, ranar 23 ga Janairun 2012, Gabon mai masaukin baƙi ta ci Mena 2-0 a wasan farko. Nan take ragamar ta koma hannun Bafaranshe Rolland Courbis, wanda aka ɗauko da sunan mai ba da shawara. Sauran wasannin biyu, da Tunisiya da Maroko, su ma ba a ci ba. A ganina kura ta sha bugu, aka miƙa wa gardi kuɗin, shi ma gardin bai fito da komai ba. Wani an ba shi shekara 40 ba kofi, wani gwarzon nahiya guda an auna shi da minti 90. Da aka sake damƙa wa Dula ƙungiyar 'yan wasan cikin gida, a gasar CHAN da aka yi a Aljeriya farkon 2023, ya fitar da Ghana da ci 2-0 ya kai wasan kusa da na ƙarshe. Aljeriya ta yi musu 5-0 a nan, amma sun tashi na huɗu.

Bambancin da ya fi damuna ba a Yamai yake ba, a ƙasa yake. Kocin jami'ar Amurka makaranta ce ke riƙe masa yara, ya san kakar wasa mai zuwa zai same su. Malamin motsa jiki a kwalejin karkara irin ta Allakaye, ko tsohon ɗan kokowar da ke horar da samarin unguwa, ba shi da wannan tabbaci. Ƙasar tudu ce mai duwatsu, noman damina ba ya riƙe gida shekara, shi ya sa cirani ya zama kamar gado a Adar. Yaron da aka sha wahala a kansa, daidai lokacin da ƙashinsa ya yi ƙwari, sai a ji ya bi 'yan uwansa Abijan ko Legas ko Libiya. Ba laifinsa ba ne, gida na jiran abin da zai aiko. Mai horarwa ya koma kan ƙannensa, ya sake daga tsayuwa da riƙon ƙugu. Albashin wannan aiki, in ba malamin gwamnati ba ne, sau da yawa bai wuce goro da "sannu da ƙoƙari" ba. Ƙwallo in ta fashe shi ke kai ta ɗinki, yaro in ya gurɗe shi ke kai shi wurin maɗori, shi kuma zai je ya ba uban haƙuri.

Shekara na juyowa za a kunna rediyo a gindin bishiya ana sauraron Takobi, mai sharhi ya ambaci ɗan kokowa da jiharsa, wani lokaci har ƙauyensu. In yaron Adar ne ya kayar, dattijon nan na cikin masu sauraro, kuma shi kaɗai ya san a wane rani aka koyi wannan kamun.